Yadda Za Ka Zaɓi Sabar Kiɗa Don Manyan Kayan Sauti na Gida

Wanda ya zuba kuɗi a kan lasifikoki na gari da amfilifaya mai ƙarfi, ba ya daɗewa sai ya fara jin haushin kwamfutar da yake jona musu. Fankarta na huci daidai inda waƙa ta yi ƙasa-ƙasa, saƙo ya shigo ya buga ƙara ta cikin lasifika, ko ta tsaya sabunta kanta ana tsakiyar saurare. Daga nan ake fara maganar sabar kiɗa, wato kwamfutar da aka ƙera don aiki ɗaya tak: ta adana waƙoƙinka, ta tsara su, ta miƙa su ga sauran kayan sauti ba tare da ta taɓa ko ɗigo ɗaya a cikinsu ba.

Kasuwar tana da faɗi. Akwai ta ɗaruruwan daloli, akwai ta dubun-dubata irin waɗanda Taiko Audio ke ƙerawa a Holan. Ra'ayina kuwa shi ne, yawancin masu saye suna farawa daga inda ya kamata su ƙare. Sukan fara da tambayar wacce ta fi daɗin sauti, alhali manhajar da za su riƙa taɓawa kullum, da hanyar da akwatin zai haɗu da na'urar DAC mai juya lambobin dijital su koma sauti, da lafiyar waƙoƙin da ke ciki, su ne za su sa su ji daɗin sayen ko su yi da-na-sani. Da wannan jerin zan bi.

Mataki na farko: san aikin da kake nema

Kafin waƙa ta fito daga lasifika, hannu uku take bi. Saba ce ke riƙe da fayilolin, ta san sunan kowane mawaƙi da kowane faifai. Sitirima ce ke karɓar waƙar da ka zaɓa ta tura ta. DAC kuma ita ke juya lambobin su koma siginar sauti da amfilifaya zai iya ƙarfafawa. Wasu kamfanoni kan cusa duka ukun a akwati guda, wasu biyu, wasu kowanne da gidansa.

Ɗauki takarda ka rubuta abin da ke gabanka. In kana da DAC da kake so, ba ka bukatar saba mai DAC a ciki, biyan kuɗi sau biyu ne. In amfilifayarka ko DAC ɗinka tana da sitirima a jikinta, mai ramin wayar intanet a baya, to sabar ba sai ta zauna a ɗakin saurare ba ma, tana iya zama a wani ɗaki kusa da rauta. In kuwa ba ka da fayiloli ko CD, duk saurarenka ta dandalin kiɗa na intanet ne irin Tidal, gaskiya ba saba kake bukata ba. Sitirima mai kyau ta ishe ka, ka adana sauran kuɗinka.

Mataki na biyu: zaɓi manhaja kafin akwati

Akwatin zai zauna a kan kanta, wata sai ya wuce ba ka taɓa shi ba. Abin da ke hannunka kowane dare shi ne manhajar da ke wayarka ko kwamfutar hannu. In tana da nauyi, in ka nemi mawaƙi ta kasa samo shi, in ta katse tsakanin waƙa da waƙa a faifan da aka ɗauka a jere ba yankewa, to za ka daina kunna ta komai tsadarta.

Hanyoyi uku ne a gabanka.

Ta farko ita ce Roon, wadda ta fito a 2015, kuma kamfanin Harman ya saye ta a 2023. Ƙarfinta shi ne yadda take haɗa fayilolinka da na dandalin Tidal ko na Qobuz su zama ɗakin karatu guda, da tarihin mawaƙa da sunayen waɗanda suka yi kiɗan, ga kuma damar gyara sauti don ya dace da ɗaki, da kunna waƙa a ɗakuna da yawa lokaci ɗaya. Amma kuɗin rajista ake biya, ko wata-wata ko shekara-shekara ko a biya gaba ɗaya, tana son kwamfuta mai ƙarfi da faifan SSD, wato faifan ajiya marar juyawa, kuma ba ta ɗaukar Spotify ko Apple Music. Kamfanin Roon na sayar da sabarsa mai suna Nucleus, Grimm Audio na Holan ma ya gina sabarsa MU1 a kan manhajar Roon.

Ta biyu ita ce manhajar da mai ƙera akwatin ya rubuta da kansa. Aurender na Koriya ta Kudu yana da Conductor, Innuos na Fotugal yana da Sense, Bluesound na Kanada yana da BluOS, Naim na Ingila ma da tasa. Ba ka biyan kuɗin wata, kuma da yake hannu ɗaya ya yi ƙarfen da manhajar, sukan zauna lafiya da juna. Haɗarin shi ne ka ɗaure akuyarka a gindin bishiya ɗaya: ranar da kamfanin ya daina sabunta manhajar, ko wayarka ta sabunta ta ƙi karɓarta, akwatin ya zama rabin abin da ka saya.

Ta uku ita ce buɗaɗɗiyar hanya, wato UPnP, ƙa'idar da na'urorin kamfanoni daban-daban ke magana da juna da ita a sadarwar gida, da ƙaninsa OpenHome wanda ya samo asali daga kamfanin Linn, tare da manhajoji irin su MinimServer, ko kuma Lyrion. Labarin Lyrion abin lura ne. Ita ce tsohuwar manhajar Squeezebox, na'urar da Logitech ya daina ƙerawa tun 2012, amma da yake a buɗe lambobinta suke, masu sha'awa sun ci gaba da raya ta har yau. Melco na Japan ya dogara sosai da UPnP, Antipodes na New Zealand kuwa yakan bar ka ka zaɓi wadda kake so cikin manhajoji da dama. Wannan hanya tana son mai haƙurin saiti.

Ga gwajin da nake ba kowa shawara. Kwafi fayafai goma daga cikin naka a kebul na filasha, ka tabbata akwai masu wuyar sha'ani a ciki: faifan da mawaƙa da yawa suka haɗu a kai, karatu ko wa'azi mai tsawo, da waƙoƙin gida da ka kwaso daga tsofaffin kaset. Ka sa a sabar da kake zawarci, ka ga yadda za ta jera su. Manyan rumbunan bayanai da waɗannan manhajoji ke dogara da su sun san kiɗan Turai da Amurka ciki da waje, amma waƙoƙin fada da na noma da na biki da muka gada, yawancinsu ba su san da zamansu ba. Manhajar da ba ta girmama sunayen da ka rubuta da hannunka, sai ta watsa faifai guda ya koma goma sha biyu, kowace waƙa ƙarƙashin "mawaƙin da ba a sani ba". Ka duba kuma ko tana nuna ƙ da ɗ da ɓ daidai, da kuma ko bincike na samo su. Wanda ke da irin wannan taska, wannan gwajin ya fi masa duk wani sharhin mujalla.

Sannan ka bincika ko dandalin da kake so yana aiki a ƙasarka kafin ka gina tsari a kansa. Qobuz, alal misali, ƙasashe ƙalilan yake karɓar rajista. Ka kuma tambaya ko manhajar na kunna fayilolinka idan intanet ta ɗauke. A cire wayar intanet a gabanka, ka gani da idonka.

Mataki na uku: duba bayan DAC ɗinka

A nan ne ake asarar kuɗi da yawa, don haka bari in ɗan tsaya.

Sautin dijital lambobi ne da dole a karanta su a kan lokaci. A CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, sau 44,100 ake karantawa a daƙiƙa guda. Agogon da ke ƙidaya wannan lokacin in ya yi rawa, sauti na iya lalacewa. Tambayar ita ce, agogon wa ake bi, na saba ko na DAC?

Idan ta USB ka haɗa, a kusan duk DAC na zamani agogon DAC ne shugaba. Ita ke cewa a turo, saba ta turo, ta tara a ma'ajinta ta karanta da nata lokacin. A nan tsadadden agogon da ke cikin saba ba shi ke juya waƙar ba. Abin da saba za ta iya taimakawa da shi shi ne kada ta turo dattin lantarki ta cikin wayar, kuma DAC da aka killace ƙofarta ta USB da kyau ba ta cika damuwa da wannan ba. USB kuma ita ce ke ɗaukar manyan fayiloli, har da DSD, wani tsarin fayil ɗin sauti mai nauyi.

Idan ta S/PDIF ce, mai waya om 75, ko AES/EBU mai waya om 110 da kan XLR, labari ya sauya. Lokacin yana tafe ne a cikin siginar kanta, DAC kuma tana tsamo shi daga can. Saboda haka ingancin agogon saba da na ƙofar fitarta yana da tasiri na gaske, musamman a kan tsofaffin DAC. Iyakar waɗannan hanyoyi galibi 24/192 ce, wato lambobi masu bit 24 da ake karantawa sau 192,000 a daƙiƙa. Toslink, mai amfani da haske, tana raba na'urorin biyu ta fuskar lantarki gaba ɗaya, amma sau da yawa a 24/96 take tsayawa.

Akwai kuma I2S da ake bi da ita ta ramin HDMI. Ka yi hattara da ita, domin babu ƙa'ida guda da kamfanoni suka amince da ita kan jerin ƙafafun ramin. Sabar wani kamfani da DAC na wani suna iya shiga juna daram amma ba sauti, ko dama ta koma hagu. Kada ka saya sai an haɗa su a gabanka.

In kuwa ta wayar intanet sabar za ta aika wa sitirima, to duk waɗannan ƙofofi ba su shafe ka ba. Bayanai na isa cikin ƙunshi-ƙunshi, ana tantance su, kuma ramukan Ethernet da kansu suna da 'yan taransifoma da ke raba lantarkin ɓangarorin biyu. A irin wannan tsari ban ga dalilin kashe dukiya a kan akwatin da ke can wani ɗaki ba. Kuɗin ya fi amfani a sitirima da DAC.

Abin yi a taƙaice: buɗe littafin DAC ɗinka, ka gano ƙofar da masu ƙera ta suka fi ba muhimmanci, ka nemi sabar da ta ƙware a wannan ƙofar. Biyan kuɗin ƙofofi biyar alhali ɗaya za ka yi amfani da ita ba dabara ba ce.

Mataki na huɗu: lissafa wurin ajiya, ka tanadi kwafi

Awa guda ta sautin CD ba matsi tana cin kusan megabait 635. In aka mayar da ita FLAC, wanda ke matse fayil ba tare da zubar da komai ba, takan dawo wajen rabi ko sama da haka kaɗan. Ke nan CD dubu za su zauna cikin ƙasa da rabin terabait. Manyan fayiloli ne ke cinye wuri: awa guda ta 24/192 ta haura gigabait 4 kafin matsi, DSD irin na faifan SACD, ƙanin CD, kuwa kusan gigabait 2.5, mai ninki huɗu kuma wajen 10. Ka lissafa abin da kake da shi, ka ninka biyu.

FLAC nake ba da shawara, don kusan kowace na'ura na karanta shi kuma yana riƙe sunaye da hoton faifai da kyau. WAV sautinsu ɗaya, amma wajen riƙe sunaye yakan ba da wahala idan ka ƙaura zuwa wata manhaja. Ka guji gina taskarka a kan tsarin da kamfani ɗaya ke riƙe da makullinsa. Wani irin tsarin mai suna MQA ya yi tashe na 'yan shekaru, kamfaninsa ya durƙushe a 2023, Tidal kuma ta yi watsi da shi a 2024.

SSD ba ya ƙara, ba ya jijjiga, shi ya dace da akwatin da zai zauna kusa da kai. Faifai mai juyawa ya fi araha in taskar babba ce, amma wurinsa cikin NAS, wato akwatin faifai da ke jone da sadarwar gida, irin na Synology ko QNAP, a wani ɗaki. Ka fifita sabar da za ka iya buɗewa ka sauya faifanta da kanka.

In kana da tarin CD, akwai sabobi masu ramin CD a jiki, kamar Uniti Core na Naim, Vault na Bluesound da jerin Zen na Innuos: ka zura faifai, ta kwashe, ta tofo shi. In babu, kwamfuta da dBpoweramp ko Exact Audio Copy sun wadatar, kuma suna gwada abin da suka kwasa da rumbun AccurateRip don tabbatar da babu kuskure.

Saba ba ma'ajiyar tsaro ba ce. Faifai na mutuwa ba sallama. Ka yi kwafi biyu a faifan waje, ɗaya a gida a cire daga wuta, ɗaya a gidan ɗan'uwa ko ofis. NAS mai faifai biyu masu kwafin juna ma bai isa ba, domin abin da ka goge bisa kuskure ya gogu a duka biyun, tsawa kuma in ta faɗo ba ta zaɓe. CD da ka saya a kanti za ka iya sake samu. Muryar da ka ceto daga kaset ɗin mahaifinka, wadda babu ita a kowane dandali, in ta tafi ta tafi.

Mataki na biyar: wuta, zafi da ƙura

Masu ƙera waɗannan kaya a Turai da Asiya ba su cika tunanin gidan da wuta ke ɗaukewa sau da yawa a yini ba. Saba kwamfuta ce, kullum tana rubutu a kundin bayananta. In wuta ta yanke tana tsakiyar rubutu, kundin na iya lalacewa, ka wayi gari jerin waƙoƙin da ka shekara kana tsarawa sun ɓace. Saboda haka UPS ko inbata wajibi ne, kuma ya zama mai fitar da tsaftatacciyar wuta irin ta layi. Mai arahar nan da ke fitar da wuta mai kusurwa yakan sa taransifoma kuka da zafi. Wasu samfuran Aurender suna da ɗan ma'ajin wuta a ciki da ke ba su damar kashe kansu cikin tsari in an ɗauke, abin da ya cancanci a tambaya a kowace saba. Kada ka jona ta kai-tsaye da ƙaramin janareta.

Sai ƙarfin wuta. A Najeriya da Nijar da Ghana wutar gida tana tsakanin bolt 220 da 240 ne, a Amurka 120, a Japan 100. Manyan sabobi da yawa suna amfani da taransifoma mai nauyi da aka naɗa don wuta iri ɗaya, ba kamar cajar kwamfuta da ke karɓar kowace ba. Wanda ya yi odar ta Amurka ya soka a bango a Kano, ƙonewa za ta yi nan take. Karanta abin da aka rubuta kusa da ramin wuta kafin ka biya.

Saba marar fanka ita ce ta dace da ɗakin saurare, jikinta na alminiyam ne ke fitar da zafi. Amma a watan Afrilu, ɗakin da ba na'urar sanyaya iska, wannan jikin zai yi zafin da ba ka iya ɗora hannu. Ka ba ta sarari sama da gefe, kada ka ɗora ta a kan amfilifaya, kada ka kulle ta a kabad. Mai fanka kuma tana zuƙar ƙurar hunturu, sai an riƙa buɗewa ana hurewa.

Mataki na shida: waya ta fi iska

Ja wayar Ethernet daga rauta zuwa saba. Cat 6 ta kasuwa ta isa, tana kai mita 100. Wi-Fi ka bar wa wayar hannun da kake sarrafawa da ita. Sau da yawa yankewar waƙa daga Wi-Fi take fitowa.

Mataki na bakwai: kamfani da aljihu

Tambayoyi huɗu za ka yi wa mai sayarwa. Shekara nawa kamfanin ya yi yana sabunta tsofaffin samfuransa? In ta lalace, ina za a kai ta, wa zai biya kuɗin jirgi da na kwastan? Garantin yana aiki a ƙasar da kake? Kuma in kamfanin ya rufe gobe, za ka iya kwashe fayilolinka ta hanyar sadarwar gida ka tafi da su? In amsar ta ƙarshe a'a ce, ka bar ta.

Game da kuɗi, lasifika da yanayin ɗaki su ne ke da kaso mafi girma a abin da kunne ke ji, sai amfilifaya da DAC, saba na biye. In sabar da kake kallo ta fi lasifikokinka tsada, lissafin ya karkace. Akwai kuma hanya mai sauƙi ta gwada ruwa: ƙaramar kwamfutar NUC, wadda Intel ya miƙa wa ASUS a 2023, a sa mata ROCK, tsarin da Roon ke bayarwa kyauta don irin wannan aiki, ko 'yar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da manhajar Volumio ko moOde. Wata shida da ɗayansu zai nuna maka abin da kake bukata da gaske. Abin da babbar saba ke ƙara maka a kai shi ne shiru, ginin da zai daɗe, wutar ciki mai tsafta, da wanda za ka kira in abu ya rikice. Waɗannan suna da daraja, kuma halal ne mutum ya biya don su, muddin ya san su yake saye.

Mataki na takwas: saurara a ɗakinka

Yanzu ne lokacin kunne. Ka roƙi a ba ka aron sabar na 'yan kwanaki, ko ka yi yarjejeniyar mayarwa a rubuce. Sauti a kantin mai sayarwa, da lasifikokinsa da ɗakinsa, ba zai gaya maka komai game da gidanka ba.

Zaɓi waƙoƙi biyar da ka sani kamar yunwar cikinka. A samu mai murya ɗaya ba kiɗa, a samu mai ganga ko kalangu inda za ka ji fatar tana amsawa bayan an buga, a samu mai kayan kiɗa da yawa a cakuɗe. Haɗa sabar da tsohuwar kwamfutarka a DAC guda, fayil guda. Kashe duk wani gyaran sauti da daidaita ƙara a manhajojin biyu, domin wanda ya ɗara ɗan'uwansa ƙara ko da kaɗan ne, kunne zai ce shi ya fi daɗi. Sannan ka zauna a kujerarka ka juya wa kayan baya, wani ya riƙa sauya wayar ba tare da ya faɗa maka wacce ke aiki ba, yana rubutawa a takarda. Ku yi sau goma, ka faɗi zaɓinka kowane karo, a ƙarshe ku buɗe takardar.

In ka kama sabar sau tara cikin goma, bambancin na gaske ne a tsarinka, sai ka auna ko ya kai kuɗin. In ka samu biyar ko shida, kunnenka bai raba su ba, sai ka yanke hukunci da manhaja, da shiru, da garanti. Kafin ka mayar ko ka biya, ka bar ta a kunne kwana biyu a jere da rana tsaka, ka taɓa jikinta, ka zare wayar UPS daga bango ka ga ko waƙar za ta ci gaba, sannan ka miƙa wayar hannun ga wani na gida ka ce ya nemo waƙar da yake so ba tare da ka nuna masa ba.